Takarda Mai Tambayoyi 27 Ta Fi Littattafanmu Yi Wa Nas Adalci

 

Yau da faɗa na zo, kuma da kaina zan fara.

A cikin wata biyun da suka wuce na karanta labarai huɗu na 'yan uwa. Biyu an turo mini ne in duba kafin a fitar, biyu kuma ina bin su shafi-shafi a waya. Marubuta huɗu ne daga garuruwa daban-daban, amma da labari ya isa asibiti sai ka rantse mutum ɗaya ne ya rubuta. An kawo mara lafiya ranga-ranga. Nas tana zaune ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, tana taunar cingam, tana danna waya. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce a je a yanki kati. Ana roƙonta tana yatsina. Can sai mara lafiya ya cika, jarumi ya yi Allah ya isa, mai karatu ya share hawaye, marubuci ya wuce babi na gaba. Nas ɗin ba ta da suna, ba ta da gida, ba a san ƙarfe nawa ta karɓi aiki ba, ba a san mutum nawa ne a hannunta a daren ba. An kawo ta ne kawai domin a tsine mata.

Ni ma na taɓa rubuta ta. Gajeren labarina na farko da na karanta a zaman ƙungiyarmu na wata-wata da wannan nas ɗin ya ƙare, kuma an yi mini tafi. Na koma gida ina jin kaina marubuci mai faɗa wa azzalumai gaskiya. Abin kunyar shi ne, a gidan da na koma akwai nas, yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ban taɓa zama na tambaye ta yadda darenta yake wucewa ba.

Abin da nake son in kafa a yau shi ne: akwai wata busasshiyar takardar tambayoyi da masu bincike suka tsara a Amurka, ba ta da jarumi, ba ta da salo, ba ta da karin magana ko ɗaya, amma ta fi yawancin labaranmu fahimtar ma'aikacin asibiti, kuma ta fi su yi masa adalci. In haka ne, to mu da muke da'awar sanin zuciyar ɗan Adam muna da abin kunya.

Bari in fara da sunan ciwon. A shekarar 1984 wani masanin falsafa Ba'amurke mai suna Andrew Jameton ya fitar da littafi kan ɗa'ar aikin jinya. A ciki ya raba matsalolin da ke damun lamirin ma'aikacin jinya gida uku. Na farko, mutum bai tabbatar da abin da ya dace ba, yana cikin duhu. Na biyu, hanyoyi biyu ne a gabansa, kowace da hujjarta, in ya bi ɗaya ya saki ɗaya. Na uku shi ne namu na yau: mutum ya san abin da ya dace sarai, ba ya kokwanto, amma dokar wurin aiki, ko na sama da shi, ko rashin kayan aiki sun ɗaure masa hannu. Yana tsaye yana kallon abin da ya san kuskure ne, wani lokaci ma da hannunsa ake aikatawa. Wannan na ukun zan kira shi ƙuncin lamiri a wannan rubutu.

Ku lura, ya bambanta da gajiya. Mai gajiya in ya yi barci ya huta, ya warke. Mai ƙuncin lamiri ko hutun wata guda aka ba shi, da fuskar mara lafiyar nan zai kwana ya tashi. Ya kuma bambanta da tausayi, domin mai tausayi yana kallo ne daga gefe, shi kuwa wannan yana jin da hannunsa a ciki.

Ba wa ciwo suna abu ɗaya ne, auna shi kuma wani abu ne daban. Wata nas mai bincike, Mary Corley, ita da abokan aikinta suka fitar da ma'auni na farko da ya shahara a shekarar 2001, kuma hankalinsa ya fi karkata ga nas-nas masu aiki a sashen kula da masu tsananin rashin lafiya. A 2012 Ann Hamric da abokan aikinta suka gyara shi, suka mai da shi tambayoyi 21, yadda likitoci da sauran ma'aikata ma za su iya amsawa. A 2013 Lucia Wocial da Michael Weaver suka kawo wani mai sauƙi, an zana shi kamar ma'aunin zafin jiki, daga 0 zuwa 10, mutum ya nuna inda yake. Sannan a 2019 Elizabeth Epstein ta Jami'ar Virginia da abokan aikinta suka fitar da wanda ake yawan amfani da shi yanzu, mai tambayoyi 27, wanda ake taƙaita sunansa da MMD-HP.

Difloma ta a fannin ƙididdiga na yi ta, saboda haka ku bar ni in ɗan yi muku lissafi, ba zai yi tsawo ba. Kowace tambaya wani yanayi ne da ke faruwa a asibiti. Ana tambayar ma'aikaci abu biyu a kai. Sau nawa kake haɗuwa da wannan? Ya zaɓa daga 0 zuwa 4. Yaya yake damun ka? Nan ma daga 0 zuwa 4. Sai a ninka lambobin biyu. Wanda ya ce yana haɗuwa da abin kullum kuma yana ci masa rai matuƙa, 4 sau 4, ya sami 16. A haɗa na tambayoyi 27 gaba ɗaya, mafi ƙanƙanta 0, mafi girma 432. A ƙarshe kuma a tambaye shi ko ya taɓa barin aiki saboda wannan ƙunci, ko yana tunanin bari yanzu.

To me tambayoyin suke tambaya? Nan ne maganar take. Akwai wadda ke tambaya ko ana ɗora maka marasa lafiya fiye da yadda za ka iya kula da su ba tare da haɗari ba. Akwai ta rashin kayan aiki da rashin gado. Akwai ta matsin lamba daga shugabanni ko kamfanin inshora kan a rage kashe kuɗi. Akwai ta tsoron abin da za a yi maka in ka buɗe baki ka faɗi kuskure. Akwai ta ganin ana ba iyalan mara lafiya fata na ƙarya. Akwai ta ci gaba da wahalar da mara lafiya da magani mai tsanani saboda danginsa sun nace, alhali ka san ba zai amfane shi ba. Akwai ta yawan cike-ciken takardu da ke cinye lokacin jinya. Akwai ma ta aiki da dangin mara lafiya masu zagi da cin mutunci.

Ku sake duba jerin nan. Babu tambayar da ta ce wa ma'aikaci: kana da imani kuwa? Takardar ta ɗauka tun farko cewa wanda ke amsawa mutum ne mai lamiri, sai ta shiga neman abin da ya ɗaure masa hannu. Waɗanda suka tsara ta sun kasa tushen matsalar mataki uku: abin da ya shafi mara lafiya da danginsa, abin da ya shafi sashen da abokan aiki, da abin da ya shafi tsarin asibitin baki ɗaya. Da suka gwada ta a manyan asibitocin koyarwa biyu, suka tace amsoshin ma'aikata 653, sai suka ga makin nas-nas ya fi na likitoci, kuma makin masu tunanin barin aiki ya zarce na sauran nesa ba kusa ba. Sun kuma ga cewa inda ma'aikata suka fi jin ana sauraronsu kuma ana mutunta ɗa'ar aiki, makin ya fi ƙasa.

Wato ita takardar jaki take nema. Mu kuwa a labaranmu mun bar jaki muna dukan taiki.

Bayan na karanta wannan ne na ɗauki wayata na sami Yaya a tsakar gida ranar da ba ta da aiki, na ce zan karanta mata wasu tambayoyi ta ba ni maki. Da farko dariya ta yi. "Kai da rubuce-rubucenka, yanzu kuma ni ce abin gwaji?" Na fara fassara mata ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan yawan marasa lafiya ta ce 4, ko tunani ba ta yi ba. Rashin kayan aiki, 4. Tsoron magana, ta yi shiru, sannan ta ce 3. Da na zo kan ci gaba da ba mara lafiya magani mai tsanani saboda dangi sun nace, sai ta kalle ni. "Su matsalarsu magani ya yi yawa ke nan? Mu a ina za mu gan shi?"

Sai ta ba ni labarin da ban tambaya ba. Wani dare aka kawo wata mata daga ƙauye, ta haihu a gida, jini ya ɓalle. Yaya ta yi duk abin da ke hannunta, ta sa mata ƙarin ruwa, ta yi allurar da ake yi, ta kira likita. Abin da ya rage shi ne ƙarin jini, kuma ta san haka tun minti na farko. Ƙa'idar wurin ita ce sai an biya, ko a kawo wanda zai ba da nasa a maye gurbi. Mijin ba shi da kuɗin, aka gwada nasa bai dace ba, ya fita cikin dare neman 'yan uwa. Yaya ta je ta roƙa, aka ce mata in ta sa hannu aka fitar, a albashinta za a cire, kuma za ta amsa tambaya da safe. A watan ta riga ta yi hakan sau ɗaya. Ta tsaya tana lissafi. Kafin ta gama yanke shawara, kafin mijin ya dawo, matar ta cika gab da asuba.

"Uwar mijin ta riƙe mini riga ta ce na kashe mata suruka," in ji ta. "Wannan bai dame ni ba, mai ɓacin rai ne. Abin da ya tsaya mini shi ne da na zauna rubuta rahoto, na rubuta cewa an yi duk abin da ya kamata. Da hannuna na rubuta."

Shekara uku da faruwar abin, kuma a gidanmu ba wanda ya sani. In da ni ne na tsaya a bakin ƙofar ɗakin a daren nan, abin da zan gani shi ne nas tana zaune tana rubutu alhali ga gawa ga masu kuka. Da na dawo na rubuta muku labari, kun yi mini tafi.

Na san abin da wasunku za su ce, domin an sha faɗa a nan. Za a ce: kai ɗan uwan nas ne shi ya sa kake kare su, mu da idonmu muka ga an mari mace tana naƙuda, da kunnenmu muka ji ana ce mata da tana jin daɗi ba ta yi kuka ba. Gaskiya kuka faɗa, kuma ba zan rage ko ƙwaya ba. Ba ma a bakinku kaɗai maganar take ba. A shekarar 2019 mujallar likitanci ta Lancet ta buga wani bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a ƙasashe huɗu, Najeriya da Gana da Gini da Myanmar, inda aka gano fiye da kashi ɗaya cikin uku na matan da suka haihu a asibitocin da aka duba sun fuskanci wulaƙanci, ko duka, ko zagi, ko wariya. Wanda ya mari mai naƙuda ya yi zalunci, a hukunta shi. Akwai kuma mugaye a aikin jinya kamar yadda suke a koyarwa da kasuwa da rubutu.

Amma marubuci ba alƙali ba ne da aikinsa zai ƙare a yanke hukunci. Tambayarmu ita ce: yarinyar da ta shiga makarantar koyon jinya tana shekara 19, wadda ta yi kuka ranar da ta fara ganin gawa, ta yaya ta zama matar nan mai taunar cingam? Ruwa ba ya tsami banza. Su masu binciken sun yi ƙoƙarin amsawa. A 2009 Epstein da Hamric suka yi bayanin cewa duk lokacin da irin wannan abu ya faru ya wuce, ƙuncin ba ya komawa sifili, yana barin guntu a zuciya. Na gaba in ya zo a kan wannan guntun zai hau, shi ma ya bar nasa. A haka tudun ke ta girma. Daga nan wasu su yi ta jayayya da na sama har a gaji da su, wasu su ajiye aikin, wasu kuma su kashe zuciyar domin su iya ci gaba da zuwa aiki. Wannan ta ukun ita ce muke ta rubutawa. Mun same ta a babi na ƙarshe na rayuwarta, muka ɗauka a haka aka haife ta. Bayyana yadda mutum ya lalace ba wanke shi ba ne, kuma in ba mu iya bambance waɗannan biyun ba, me muke yi da alƙalami?

Wasu kuma za su ce wannan ciwon Turawa ne, mutanen da suka ƙoshi, mu nan muna da haƙuri da tawakkali. Ina girmama haƙuri, shi ne ya riƙe Yaya har yau. Amma a duba wa ake ce wa ya yi haƙuri, kuma wa ke amfana da shirunsa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin ba da taimakon gaggawa bisa kowane dalili, ta kuma tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Doka ta ce a yi, teburin karɓar kuɗi ya ce sai an biya kafin alƙalami, ita nas tana tsakiya. A watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware aƙalla kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu ga lafiya, kuma gwamnatin tarayyar ƙasar da aka yi taron a cikinta ba ta taɓa cika wannan alkawari ba. Giɓin da ke tsakanin alkawarin da kasafin ba a ofis yake bayyana ba. Yana bayyana ne ƙarfe uku na dare, a hannun wadda ke riƙe da fitilar waya tana neman jijiya. In ba mu kira wannan da suna ba, ba ya nufin babu shi. Yana nufin mai ɗauke da shi zai ɗauka shi kaɗai ne, kuma laifinsa ne.

Yanzu kuma bari in juya kan ita takardar, domin ban zo in sayar muku da ita ba. Tana da ramuka, kuma a ramukan nan ne aikinmu yake.

Ramin farko yana cikin ninkawar. Daren Yaya, in an tilasta shi cikin ma'auni, abu ne da bai cika faruwa ba, 1, amma ya kai matuƙa wajen ciwo, 4. Maki 4 ke nan. Cike-ciken takardu kuwa kullum ne, 4, amma ɗan haushi ne kawai, 1. Shi ma maki 4. A idon lissafi daidai suke. Wanda ya taɓa zama da mai irin wannan labari ya san dare ɗaya yana iya karya mutum fiye da shekara goma ta ƙananan haushi.

Rami na biyu ya fi ban tsoro. Wadda zuciyarta ta riga ta mutu, in ka tambaye ta yaya abin yake damun ta, za ta ce 0. Duk abin da ka ninka da sifili, sifili ne. Saboda haka sashen da ya fi kowane lalacewa yana iya fitowa da maki mai kyau, shugaba ya duba ya ce alhamdu lillahi. Haka nan wanda ciwon ya kora ba ya nan balle ya cike takarda. Ya tafi Ingila ko Saudiyya, ko ya buɗe kemis a unguwa, ko ya koma noma. Waɗanda suka rage ake aunawa.

Rami na uku shi ne wanda Yaya ta gano da kanta. An haifi ma'aunin ne a asibitocin da babban tashin hankalinsu shi ne na'ura tana riƙe da numfashin wanda ba zai tashi ba. Gyaran 2019 ya ƙara tambayoyi kan rashin kayan aiki da yawan marasa lafiya, amma ba za ka sami tambaya kan janareta da ya mutu ana tsakiyar tiyata ba, ko miji da ya hana a yi wa matarsa aiki sai an jira izinin mahaifinsa, ko ma'aikaciyar da ke sayen safar hannu da kuɗinta. Duk wanda zai kawo ma'aunin nan wajenmu, fassara kalmomi ba za ta wadatar ba, sai ya zauna ya saurari mutanen wurin tukuna.

Rami na huɗu ba laifin takardar ba ne, laifin mai riƙe da ita ne. Lamba tana da daɗin sakawa a rahoto. Ana iya auna ma'aikata, a ga makin ya yi sama, sai a shirya musu taron bita kan juriya da yadda ake kwantar da hankali, a raba lemo, a ɗauki hoto, a mai da su ɗakin da mutum ɗaya ke kula da gadaje talatin. An mai da ƙarar da aka shigar kan tsari ta zama gwajin lafiyar mai ƙara. Wannan ne ya sa a 2018 wasu likitoci biyu a Amurka, Wendy Dean da Simon Talbot, suka rubuta maƙalar da ta yi tashe, suna cewa a daina ce wa likitoci sun ƙone da gajiya kamar raunin nasu ne, abin da ke damun su rauni ne a lamiri da tsarin ya ji musu. Kuma wanda ke son ganin inda bautar lamba ke kaiwa ya duba abin da ya faru a asibitin Stafford a Ingila. Rahoton Robert Francis na 2013, mai shawarwari 290, ya nuna yadda shugabanni suka sa ido kan cika alƙaluma da daidaita kuɗi, marasa lafiya suna wahala a kan gado, ma'aikatan da suka so magana kuma suna tsoro.

Duk da waɗannan ramuka, ina nan kan bakata: a auna. Shugaban asibiti yana iya watsar da kukan nas ɗaya ya ce rakinta ne. Da wuya ya watsar da takardun ma'aikata ɗari biyu da suka nuna abu ɗaya a sashe ɗaya. Lamba tana shiga ɗakin taron da hawaye ba ya shiga. Sharaɗin kawai shi ne a karanta makin a matsayin shaida kan asibitin.

Ga wani abu da ya kamata ya tsaya mana a rai mu marubuta. Tsohon ma'aunin yana da fili a ƙasa inda ma'aikaci zai rubuta da kansa abin da ba a tambaye shi ba. Da aka zo gyaran 2019, masu binciken sun koma sun karanta irin waɗannan rubuce-rubuce guda 301, kuma suna cikin abin da aka gina sababbin tambayoyin a kai. Wato ma'aunin kansa daga labari ya girma. Kafin wannan ma, Jonathan Shay, likitan ƙwaƙwalwar da ya yi aiki da tsofaffin sojojin Amurka na yaƙin Biyetnam, wanda ya yaɗa maganar raunin lamiri, da tsohuwar waƙar Girkawa ta Homer ya haska abin da majinyatansa ke faɗa masa, a littafinsa na 1994. Masana sun zo gonarmu sun yi aro. Mu masu gonar muna can muna maimaita nas mai cingam.

In kuma muka gaji da shaiɗaniya, sai mu tsallaka mu ɗauko mala'ika. Kowa ya san Dakta Ameyo Adadevoh, wadda a 2014 ta ƙi sallamar Patrick Sawyer daga asibiti a Legas duk da matsin da aka yi mata, ta taimaka wajen tare cutar Ebola, ita kuma cutar ta yi ajalinta a watan Agusta na shekarar. Ta cancanci duk yabon da ake mata. Amma ita babbar likita ce, in ta ce a'a ana ji. Yawancin ma'aikata ba su da wannan ƙarfin. Suna tsakanin shaiɗaniyar da mala'ikan, suna yin daidai ranar Litinin, su kasa ranar Talata, su koma gida su dafa tuwo. A nan labari yake, kuma nan ne muka bari fayau.

Saboda haka ga roƙona, musamman ga masu tasowa. Kafin ka sake kai jaruminka asibiti, nemi ma'aikacin lafiya ɗaya, ba za ka rasa a danginku ko unguwarku ba. Kada ka tambaye shi me ya sa ba ku da tausayi, domin zai rufe bakinsa. Ari dabarar takardar nan: tambaye shi yaushe ne ya san abin da ya dace amma ya kasa yi, me ya hana shi, kuma me ya rubuta a rahoto bayan nan. Tambayi mutum nawa ne a hannunsa a aikin dare, wa ke riƙe da makullin ɗakin magani, me ke faruwa in wuta ta ɗauke. Sannan ka yi shiru ka saurara. In ka zo rubutawa, ka sauya duk abin da zai sa a gane shi ko a gane mara lafiyar, domin amana ce, kuma aikinsa yana iya tafiya a kan sakacinka. Ni ma sai da Yaya ta amince, ta kuma sa na cire abubuwa da dama, kafin na kawo muku nata.

Ban ce kada ka rubuta muguwar nas ba. Rubuta ta, tana nan. Amma ka ba ta suna, ka ba ta jiya, ka nuna mana teburin kuɗin da ke bayanta da wanda ya kafa shi. In mai karatu ya rufe littafinka yana jin haushin nas kaɗai, ka taimaki waɗanda suka ci kuɗin jini da na janareta, domin ka ba jama'a wanda za su zaga a madadinsu.

Na ciro tsohon labarina na sake karantawa a makon jiya. Shafi shida ne, nas ɗin ta yi magana sau biyu, duka biyun zagi ne. Na fara sake rubuta shi daga lokacin da ta karɓi aiki ƙarfe takwas na dare, kuma in Allah ya yarda zan kawo shi nan ku yi masa fiɗa yadda kuka saba. Wanda ke ganin na yi son kai saboda 'yar uwata, fili a buɗe yake, ya zo da hujjarsa. In akwai ma'aikatan lafiya a cikinmu, kuma na san akwai, ku gyara mini inda na kauce.